Silimar da Ba Ta Wuce Kiran Isha'i

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar surukina, mahaifin matata, ta same shi da hantsi a bakin shagonsa na Bi'ir Ali, yana zaune a kan kujerarsa da kofin shayi a gefe bai ƙarasa sha ba. Aka yi masa sallah a Masallacin Annabi bayan la'asar, muka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Abin da ya yi shekara da shekaru yana roƙon Allah ke nan, ya kuwa samu.

A Madina tsakanin magariba da isha'i ake zaman makoki. Aka jera kujeru a layin gidansa da ke bayan masallacin Ƙiblatain, aka ja fitilu daga wannan bango zuwa wancan, yara suna zagawa da gahawa da dabino. 'Ya'yansa maza suka tsaya a jere suna karɓar gaisuwa, ni kuma a ƙarshen layi, inda ya kamata suruki ya tsaya. Na ga mutanen da ban taɓa sanin ya san su ba. Direbobin motocin alhazai sun zo da yawansu, wani daga cikinsu yana cewa duk tsawon zamansa a Bi'ir Ali bai taɓa sayen shayi da kuɗinsa ba, mamacin ke ba shi. Ɗaliban jami'a 'yan gida Najeriya sun zo, suka zauna wuri ɗaya suna share hawaye da bakin rawani. Wata tsohuwar maƙwabciya ta aiko daga ɓangaren mata a gaya mana cewa ita ba ta yafe wa mutuwa ba, don ta ɗauke mai yi mata cefane. Da aka ce ta yi istigfari sai ta ce ta yi, amma maganarta tana nan.

Can sai ga wani dattijo mutumin Chadi, abokinsa tun zamanin tafiyar ƙasa, ana riƙe da shi. Ya bi layi yana "Allah ya ba ku haƙuri," har ya iso gaban babban ɗan mamacin, wanda mu duka muke ce wa Yaya. Ya riƙe hannunsa bai saki ba, yana dariya hawaye na bin gemunsa.

"To yanzu wa zai ba mu labarin yaron jirgin fito? Ya tafi da silimarsa a baki."

Wasu tsofaffi suka yi murmushi. Yaya bai yi ba. Na ga yadda fuskarsa ta ɗaure, na san akwai magana.

Da aka watse ya ja ni bayan motarsa, ya buɗe but, ya nuna mini wata baƙar leda. Ban buɗe ba na san abin da ke ciki: tsohon kaset ɗin bidiyo ne, wanda duk wanda ya taɓa zama a gidan ya san shi.

"Ya sheikh, ka ji abin da shayibin nan, tsohon Chadin nan, ya faɗa gaban mutane? Wallahi aib. Mutum yana kwance a Baƙi'a, ya'ani, ana tuna shi da fim ɗin Faransawa masu rawa. Kai ne mai karatu a gidan nan. Ka ce wa ummi da 'yan'uwana a jefar da shi, a daina zancensa, halas. In ni na faɗa, za su ce tsohon faɗa na tayar."

Ni Bakano ne, karatu ya kawo ni jami'ar Musulunci ta garin nan, aure ya zaunar da ni, yanzu ina yi wa alhazai tafinta a filin jirgin sama. Na san abin da littattafai suka faɗa a kan kiɗa da rawa, na kuma san Yaya ba mugunta yake nufi ba, mutuncin mahaifinsa yake karewa. Amma na san wani abu kuma. Baba, kamar yadda muke kiran mamacin, bai bar rubutu ba, bai bar hoto ba sai na takardun zama. In kaset ɗin nan ya tafi aka kuma rufe bakin kowa, jikokinsa za su tashi da sanin wani dattijo mai sayar da harami, mai yawan salati, irin wanda kowace unguwa take da shi. Ba ƙarya ba ne, amma rabin mutumin ne. Sai na ce wa Yaya ba a yanke hukunci ana tsakiyar makoki, ya bari a share zama tukuna. Ya rufe but da ƙarfi, ya ce ɗayyib, wato shi ke nan.

Mutumin Maraɗi ne Baba. Ya ɗan taɓa lakwal, kamar yadda yake kiran makarantar boko, har ya samu Faransancin da zai fid da shi kunya. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a gidan silima irin na da, wanda ba shi da rufi sai taurari. Shi ke shara, shi ke yaga tikiti, in kuma aka kawo fim ɗin Faransa sai ya tsaya a gefen farin bango yana fassara wa mutane da Hausa. Ya ce jama'a sun fi son na Indiya da na masu doki da bindiga. Ran da aka kawo wannan na masu waƙa, mutane suka yi ta ihu a mayar musu da kuɗinsu don babu wanda ya naushi wani. Shi kuwa ya tsaya da baki buɗe har ya manta fassarar. Duk dararen da aka nuna shi yana nan, har sai da ya haddace shi kamar karatun allo. Ba a daɗe ba ya kama hanyar hajji ta ƙasa, ya bi ta Chadi da Sudan yana aikin gona yana matsawa, ya haye teku, ya sauke farali, ya zo ziyara Madina. Daga ziyara bai koma ba.

Kaset ɗin kuwa wani alhaji Bamagribe mazaunin Faransa ne ya kawo masa. Ya zo sayen harami, Baba ya ji shi yana ƙorafin zafi da Faransanci, ya amsa masa, hira ta yi daɗi har motarsu ta kusa barinsa. A nan Baba ya kwatanta masa fim ɗin, don sunansa ma ya manta. Shekara ta zagayo, sai ga mutumin da kaset a cikin jakarsa, ya ce matarsa ce ta gane shi daga kwatancen.

Dokokin kallon nan biyu ne, kuma ban taɓa ganin an karya ko ɗaya ba. Ta farko, ba a buɗe sauti. "Garin Manzo ne wanga," in ji shi. "Ba ni tada goge inda aka ce a sassauta murya. Waƙar tana nan," sai ya ƙwanƙwasa kansa da yatsa. Ta biyu, ana farawa bayan magariba, da ladan ya ɗaga murya na isha'i kuma an gama. Sai ya kashe, ya tafi masallaci, in ya dawo ya mayar da zaren kaset ɗin farko, ya naɗe na'urar a cikin wani tsohon harami. Fim ɗin ya fi tsakanin sallolin nan biyu tsawo, don haka babu mahalukin da ya taɓa ganin ƙarshensa a gidan. Ba kullum ake kallon ba. Sai alhazai sun watse, kasuwa ta yi sanyi, wata rana ka ji ya ce, "A kawo ƙarfen nan."

Ranar da na fara gani ina sabon ango. Na zo gaisuwa, na durƙusa a bakin ƙofar falo kamar yadda aka koya mini a gida, sai na hango Turawa a talabijin suna ta tsalle a kasuwa, bakunansu na buɗewa ba abin da ke fita. Na sunkuyar da kai na fara ja da baya.

"Malam na jami'a, shigo mana," in ji Baba. "Zo ka ga Nasara na rawa, ka samu abin wa'azin Juma'a."

Ina suruki zai zauna kallon soyayya da uban matarsa? Ina kuma zai ƙi kiransa? Na zauna can wajen takalma, ido ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Wurin zamana ke nan har ya bar duniya, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa jin an ce a kawo ƙarfen nan na ce ina da uzuri ba.

Labarin ba wani mai wuya ba ne. Wani ƙaramin gari ne a bakin kogi, da jirgin fito mai kai mutane ƙetare. Akwai tsohuwa mai gasa burodi a bakin mashigi, da ɗanta ɗaya tilo da ke tuƙa jirgin, mai murya, da wata yarinya mai rawayar riga da ke sonsa. Wata rana 'yan wasa suka biyo ta garin, suka ji muryar yaron, suka zuga shi ya bi su babban birni. Ya yi wa uwarsa alkawarin zai dawo kafin a girbe inabi. Ya je birni, ya samu suna, girbi ya wuce, wani ya sake wucewa. Muna ganinsa zaune a wani ɗaki mai duhu yana kallon taga, sai ladan ya kira sallah.

Amma labarin ba shi ne abin jin ba, bakin Baba ne. Shi ne uwa, shi ne ɗa, shi ne yarinyar, yana canza murya, kuma a tsakani yana yi wa fim ɗin hisabi kamar shi ya biya kuɗin yinsa. Jarumin bai taɓa burge shi ba. "Ku dubi yadda shike riƙe da gorar tuƙi kamar mai riƙon cokali. Wanga ko ƙwarya bai taɓa tuƙawa ba cikin ruwa. Kyawo ne ya ba shi aikin." In yarinyar ta fara kuka a bakin kogi sai ya girgiza kai. "Kukan da hanci bai zuba ba ai ba kuka ba ne. Amma ku bar ta, ta iya tahiya, ƙahwarta ba ta taɓa saɓa wa kiɗin ba." Mu da ba ma jin kiɗin sai mu yarda. Ruwan saman da ake yi a fim ɗin ma bai tsira ba, don ya lura a gefe ɗaya na titi yake sauka, ya ce ko a Maraɗi da ake ruwan unguwa-unguwa ba a kai haka ba.

Abin da yake yabo kuwa yana yabonsa da gaske. Rawar kasuwa ce ta fi masa komai a farkon fim ɗin, saboda babu mai rawa hannu banza: mai kifi da kifinsa, mai wanki da zanenta, mai keke yana juyawa da kekensa. Ya ce wanda ya shirya wannan ya san mutane, ya san talaka ba ya ajiye aiki don ya yi murna. Yana kuma son launi. Yakan sa mu lura cewa a garin kogi komai ja ne da shuɗi da rawaya, amma tun da yaron ya hau jirgin ƙasa launin yake raguwa, har a birni ya zama ba komai sai toka-toka. Wata rana matarsa, surukata, ta wuce da farantin shayi ta ce, "Ga mahaukatanka nan sun fara." Ya ce, "Hajiya, mutumin da ya wuni cikin hwarin ƙyalle, in ya dawo gida idonsa ma shina son miya."

Wata jikarsa, cikin masu jin Hausa su amsa da Larabci, ta taɓa tambayarsa me ya sa ba za su yi magana kawai ba, sai waƙa. Ya ce mata, "Ke ba ki ga ana daka ba, shi ya sa. Mace a garinmu, abin da ba ta iya gaya wa miji, turmi take gaya wa, da waƙa. Su ma haka ne. In magana ta hi ƙarhin baki sai a rera ta."

Gwanarsa a fim ɗin tsohuwar ce. "Ita ce mai silimar," yakan ce. "Kowa rawa shikai, ita aiki takai. Ku dubi hannunta cikin ƙullu. Ba ta waƙa, ba ta kuka, amma in ta kalli kogi sai ka san abin da ke ranta." Akwai kuma wuri ɗaya da yaron da yarinyar suke matsowa kusa da juna fiye da kima. Daidai nan kullum carbin Baba yake ɓata. Sai ya miƙe da faffaɗar jallabiyarsa ya tsaya a gaban talabijin yana lalube a samanta, har sai abin ya wuce, sannan ya ce, "Af, ga shi a aljihuna." Yaran gidan sun girma sun yi aure, carbin bai daina ɓata a wurin ba.

In ladan ya kira isha'i, yara suka yi ta magiya a ƙarasa, amsarsa ɗaya ce. "Har nan gaskiya ce. Abin da ya biyo baya ƙaryar Nasara ce, ba ku da bukatarta." Mun ɗauka wani abin kunya ne a ƙarshen wanda jallabiya ba za ta iya rufewa ba, muka bar zancen.

Kada mai karatu ya ɗauka rayuwarsa a gaban talabijin ta ƙare. Wuninsa a Bi'ir Ali yake, inda alhazai ke ɗaura harami su kama hanyar Makka. Gwani ne wajen gane tsohon ƙauye da bai taɓa ɗaura zane ba, yana tsoron ya kwance masa a gaban jama'a, kunya kuma ta hana shi tambaya. Sai Baba ya ja shi bayan shago kamar zai nuna masa kaya, ya ɗaura masa da hannunsa, ya ce ya yi tsalle ya gani. Na taɓa ganin wani ya fito daga bayan shagon nan yana dariya kamar an ba shi kyautar doki.

Da ɗalibai kuwa abu ɗaya ne ke haɗa shi faɗa. In hutu ya zo ya ji wani ya ce zai zauna ya ƙara haddar wani littafi, sai ransa ya ɓaci. Akwai wanda aka aiko masa cewa mahaifiyarsa ba lafiya, yana ta jinkiri wai jarrabawa ta kusa. Baba ya rufe shago da tsakar kasuwa, ya sa shi a mota da kansa har filin jirgi, yana faɗa duk hanya. "Tahi! Littahi shina jira, uwa ba ta jira." Ni ma ban tsira ba. Duk gaisuwar da zan yi masa, kafin ya tambayi 'yarsa sai ya ce, "Yaushe rabonka da tsohuwa?"

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma saɓaninsa da Yaya a kan kaset ɗin nan ne. Ban zo gidan ba a lokacin, matata ce ta ba ni labari. Yaya ya taso saurayi mai zafin addini, abokansa suka ji labarin silimar gidansu suka yi masa dariya a masallaci. Ya dawo ya tsaya a gaban mahaifinsa yana jawo hujjoji da Larabci. Baba ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Allah shi ƙara ilimi." Da Yaya ya ga maganar ba ta shiga ba sai ya ɗauke kaset ɗin ya ɓoye. Baba bai tambayi kowa ba. Da magariba ta yi ya zauna a wurinsa, ya tara yara a gaban talabijin a kashe, ya fara: ga kogi, ga jirgin fito, ga tsohuwa tana kwaɓa ƙullu. Yana nuna baƙin gilashi da yatsa yana cewa su dubi yadda yaron ke riƙe gora. Har carbinsa ya ɓata a inda ya saba ɓata. Ya yi haka rana ta farko, ya yi ta biyu. Matata ta ce ba ta taɓa ganin abin da ya ba ta tausayi irin wannan ba. Ba a san lokacin da Yaya ya mayar da kaset ɗin ba, sai dai aka gan shi a wurinsa. Daga ranar ba su sake tayar da maganar ba, amma in an ce a kawo ƙarfen nan, Yaya yakan ɗauki makullin motarsa ya fita.

Wannan shi ne tsohon faɗan da yake nufi a bayan mota.

Da aka share makoki aka kwashe kujeru, muka taru a falo da la'asar sakaliya, 'ya'ya da surukai da jikoki. Hajiya tana zaune a kan darduma cikin kayan takaba. Ban san wanda ya kai mata zancen ledar ba, amma gidan da ke da 'ya'ya mata ba a rasa mai kaiwa. Yaya ya dube ni, alamar lokaci ya yi. Ina gyara murya ban ma san abin da zan faɗa ba, sai ta riga ni.

"Malam, na ji an kai maka ƙara. Alƙali yana yanke hukunci a kan abin da bai gani duka ba?"

Na ce a'a, Hajiya.

"To a ɗauko. Ni ban taɓa zama na kalli mahaukatan nan ba, kullum ina wucewa da faranti. Yau zan zauna. Kuma har ƙarshe." Ta juya wajen ɗanta. "Kai ma zauna, ya waladi. Ajiye makullin."

Bayan magariba aka kwance na'urar daga cikin haraminta. Aka kunna, ba sauti, kamar kullum. Sai a ranar na lura da yadda kaset ɗin ya tsufa. Hoton ya koɗe, layuka na ratsa shi, jan ya koma ruwan ƙasa, fuskoki na rawa. Da can bakin Baba ne ke cike mana abin da ido bai gani ba. Yanzu ga Turawa suna buɗe baki a cikin shiru, ba mai ara musu murya. Babu wanda ya yi ƙoƙarin maye gurbinsa. Da aka zo wurin da carbi ke ɓata, wata cikin 'ya'yansa ta fashe da kuka, ƙanwarta ta tashi ta tsaya a gaban talabijin da mayafinta a buɗe, tana kuka tana dariya.

Yaron yana zaune a ɗakinsa mai duhu yana kallon taga, ladan ya kira isha'i. Yaya ne ke riƙe da rimot, ya tsayar. Muka je masallaci muka dawo. Hajiya tana nan inda muka bar ta. Ta ce, "Ci gaba."

Bai fi ƙiftawar ido da ci gaban ba hoton ya washe. Layukan suka ɓace, fuskoki suka tsaya cak, launi ya dawo kamar yau aka yi shi. Zaren wurin bai taɓa bi ta cikin na'ura ba tun da aka kawo shi, sabo ne fil. Muka ga yaron ya tashi ya bar kayansa, ya hau jirgin ƙasa. Muka ga kore ya fara bayyana ta taga, sannan kogi, shuɗi har yana ɗaukar ido. Ya shiga jirgin fito a matsayin fasinja, wani ne ke tuƙawa. A ƙetare ga tsohuwa a bakin mashigi, ta ƙara tsufa, hannunta fari da garin alkama. Ba ta ruga ba. Ta tsaya tana kallonsa har ya sauko, ta goge hannu a zanenta, ta kama fuskarsa. Sannan ta buɗe baki ta fara waƙa, ita da Baba ya ce ba ta waƙa. Ta daɗe tana yi, mu muna kallon leɓunanta kawai. Garin duka ya fito rawa, rubutu ya hau, aka gama.

Babu abin kunya ko ɗaya. Matata ta ce a hankali, "To ina ƙaryar?"

Duk muka juya wajen Hajiya. Mun san kakarsu, mahaifiyar Baba, ta rasu a Maraɗi tun da daɗewa, iyakar abin da aka sani ke nan.

"Damina ɗaya ya ce mata zai yi," in ji Hajiya. "Shi kaɗai gare ta. Ta raka shi har tasha da ƙullin gumba. Hanya ta ci shekaru, ya iso nan ba takarda, in ya fita ba zai iya dawowa ba. Da takarda ta samu sai aure, sai ciki. Ya ce ba zai je mata hannu rabbana ba, zai kai mata jika ta gani." Ta dubi Yaya. "Yana jira a yaye ka. Saura kaɗan, sai alhazan garinsu suka zo da labari. Sun ce har ta kwanta ciwo, in ta ji an ce motar alhazai ta iso sai ta sa a kai ta bakin hanya."

Ta gyara mayafinta. "Sau ɗaya ya gaya mini, bai ƙara ba. Ya ce a silima kaɗai ake dawowa a tarar."

Yaya ya tashi, ya cire kaset ɗin, ya mayar da shi cikin baƙar ledar, ya fita da shi. Babu wanda ya tsayar da shi. Na kwana da baƙin ciki, ina ganin an rasa mutumin an kuma rasa abinsa, ni kuma da aka sa alƙali ban ce komai ba.

Da safe ya kira ni a waya ya ce in zo in kai shi Bi'ir Ali. Na ɗauka lissafin shago zai yi. Muka isa, motocin masu umara na ta shigowa, ana ta talbiyya ta ko'ina. Ya buɗe shagon mahaifinsa, ya tsaya yana kallon kujerar, sannan ya miƙa hannu ya zaro harami ɗaya daga kan kanta. Ya shiga baya ya fito a ɗaure da shi, ɗaurin Baba sak, wanda ko tsalle ka yi ba zai kwance ba.

"Ya sheikh, ina da tambaya," in ji shi, da Hausar da ban taɓa jin ya yi mai tsawo haka ba. "Ummi ta ce abuya, Allah ya jiƙansa, duk shekara yana yi wa mahaifiyarsa umara, ba ya gaya wa kowa. Yanzu ba mai yi. Ya halatta in yi wa matar da ban taɓa gani ba?"

Na ce ya halatta, kakarka ce.

Na raka shi har bakin motar Makka. Ya sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ya juyo ya ba ni makullin motarsa, ya ce ledar tana cikin but ɗinta a ƙofar gida.

"Ka ajiye wa yara," ya ce. "Amma in za ka nuna musu, ka bar shi ya kai ƙarshe."

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Ya jiƙan tsohuwar da ta jira shi a bakin hanya, ya sa wannan karon ya tarar da ita.